Motar Baba Tana Ja Dama

Ranar Talata na sa mata tayoyi huɗu sababbi,
baƙaƙe wuluk, har da ɗan gashinsu na roba.
Kuɗin adashen wata bakwai na zube a Asafo,
na ce yau kam sai ta miƙe sambal.

Kafin in kai Aboabo ta fara.
In na sassauta hannu sai ta lallaɓa dama,
kamar akuyar da ta hango ɓawon ayaba a bakin kwata.
In ja ta, ta dawo. In sake, ta koma.
Wani direban toro-toro ya leƙo ya wanke ni da Asantanci,
ban ji duka ba, amma na gane inda ya dosa.

Washegari na kai ta Magazin,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta daina shan ruwan sama.
Masta Gariba na cin shinkafa da wake a ganye,
bai tashi ba, ya ce, "Kwabena, auna iska."
Yaron ya durƙusa sau huɗu:
talatin da biyu, talatin da biyu, talatin da biyu,
ta gaban dama talatin.
Aka cika. Muka zaga Suwame. Tana nan tana ja.

"To, musanya na gaba, ta hagu ta koma dama.
In ciwon a taya yake, zai bi ta ya sauya gefe.
Sabuwa ma takan zo da karkatarta tun daga inda aka ƙera ta."
Aka ɗaga, aka kwance noti, aka ɗaure.
Muka sake zagawa.
Dama dai. Dama.

Ya kai bayan hannu kusa da kowace ƙafa, ko birki ne ke riƙewa,
babu wadda ta fi 'yar'uwarta zafi.
Sai ya ce, "Ina tsofaffin?"
Suna cikin but. Mai faci ya taya, na hana,
ni ma ban san dalili ba.
Ya jawo ta gaban dama, ya bi ta da tafin hannu a hankali:
gefe ɗaya da sauran zane,
ɗayan sumul kamar bayan ƙwarya.

Ya shiga rami da tocila. Ya daɗe.
"Malama Memuna, wa ya faɗa kwata da motar nan?"
Na ce ni dai ban taɓa ba.
"Ba bana ba ne. Ƙarfen ya yi tsatsa a kan lanƙwasarsa,
shekara biyar za a yi, ko shida.
Tsofaffin sun yi ta cin jikinsu suna rufa mata asiri.
Sababbin baƙi ne, ba su san gidan ba, sai suka tona."

Shida.
Daren da naƙuda ta kama ni, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
Baba na tuƙi, goshinsa a jikin gilashi,
hanyar asibitin Manhyia ta zama kogi.
Na ji wani abu ya buga daga ƙasa.
Ya ce, "Dutse ne, yi ta salati."

Tun daga nan kullum bayan isha'i
yakan shafa man zafi a kafaɗar hagu.
Muka ce tsufa ne.
Shi ma ya ce tsufa ne.

Masta Gariba ya faɗi kuɗi, ban yi ciniki ba,
har Kwabena ya ɗago ya dube ni.
Suka sa sabon ƙarfe, suka ja zare daga ƙafa zuwa ƙafa,
suka daidaita.

A hanyar gida, wajen gadar Asawase, na saki sitiyari.
Ta tafi sak, ba ta nemi kowa ba.
Hannuna na hagu ne ya ƙi yarda,
yana ta jan abin da ya daina ja.
Najahatu daga baya, bakinta cike da soyayyar ayaba,
ta ce, "Mma, an gyara motar Kaka?"
Na ce an gyara.

Tsohuwar tayar na nan a tsakar gida, jikin tankin ruwa.
A kanta take zama in ana mata kitso.